Kalmasa

Takarda ta iso daga Yawunde ran Litinin,
hatimi biyu a kanta, ƙusa a kusurwa.
Ta ce kafin ruwan farko ya sauka
kowane yaro a ajina
zai karanta shafi guda na Faransanci ba tuntuɓe,
ya raba ɗari uku gida shida ba da yatsu ba.
Kowane yaro. Na sake karantawa.

Tamanin da huɗu gare ni a ɗaki ɗaya,
nan Domayo, gab da yashin Kaliyawo.
Bencin mutum uku na ɗauke da biyar.
Hamajoda da Fulatanci yake mafarki,
Sali ya haɗiye littafin bara har bango,
yana hamma tun kafin in gama tambaya.
Dudu kuwa, wata uku cur,
ban san kalar muryarta ba, sai sunkuyawa.

Wanda ya rubuta takardar bai san su ba.
Ban ga laifinsa ba, daga nesa yake awo.
Amma linzami ya fi ƙarfin bakin kaza,
akalar tinkiya kuma ba ta riƙe ingarma.
Da dare na kunna fitila, na tuna babana,
tela ne, bakin kasuwar Marwa.

Ba ya taɓa almakashi sai ya zagaye yaro da igiya.
In ya auna, sai ya ƙara yatsa biyu,
ya naɗe su ciki, ya bi da zare.
Na ce, Baba, wannan ai ɓarnar yadi ce.
Ya cire allura daga baki, ya ce:
Wando daidai ƙafa na wata shida ne,
wanda ya wuce ƙafa, kā da yaro yake.
Kalmasa ita ce wurin da ka bar wa girma.
Ya mai da allurarsa, ya ci gaba da takawa.

Sai na ja layi a bayan rajista,
suna, da abin da ya iya, da yatsa biyun da zan ƙara.
Hamajoda: jimla biyar, ya faɗe su da bakinsa.
Sali: ya rubuta wa kakarsa wasiƙa zuwa Mokolo.
Dudu: ta ƙirga ɗaya zuwa ashirin.
Na rufe, na kwanta ina yabon kaina,
wai ni mai tausayi, mai ganewa.

Ran Lahadi na je sayen albasa.
Wata mata na ciniki da Faransanci,
ɗari uku da hamsin, ta miƙa ɗari biyar.
Tsohuwar mai kaya ta waiga baya,
wata 'yar murya ta fito daga bayan buhu:
Dala saba'in ne, Inna, ki ba ta talatin.
Ko yatsa ba ta motsa ba.
Dudu ce. Ta gan ni, ta koma sunkuyawa.

Na tsaya da kwandona kamar an dasa ni.
Wadda ke raba wa biyar tun kafin a rufe baki,
ita na ɗinka wa wandon jariri.
Shirunta na auna, ba ita ba.
Yawunde ta yanka da yawa, ni na yanka kaɗan,
mu biyun ba wanda ya kai igiya jikin mai sawa.

Yanzu da fensir nake cika shafin nan,
roba na ɗaure a gindinsa.
Sufeto ya zo, ya juya, ya ga goge-goge,
ya ce, Mushe, ina tsayayyen burinka?
Na ce, ranka ya daɗe, kafin ruwa muna nan tafe,
sai dai ba rana ɗaya za mu isa ba.
Ya yi rubutu. Ban leƙa ba.

Jiya na zuba marafan kwalba a tebur,
na ce wannan kasuwa ce, wa zai riƙe ciniki?
Daga can ƙurya hannu ya ɗago,
rabi-rabi, kamar tsiron masakwa.
Na miƙa mata alli.
Gobe akwai zaren da zan kwance.
Allah sa in ga lokacin warwarewa.