Shebur

A gidanmu, can gefen Gallatin a jihar Tennessee,
in an ci talotalo an ƙoshi,
Gwaggo Vernice kan goge hannu da ƙyalle ta ce:
“Kakan kakanku Zebulon shi ya riƙe tuta
ranar da aka gwabza a Nashville.
Harsashi ya ɗauke masa yatsa biyu, bai saki sandar ba.”
Mu yara sai mu ƙirga yatsunmu a ƙarƙashin tebur.

Bara ta rasu, ta bar mini kwalin takalmi.
Hoto guda, ruwa ya cinye rabin fuskar.
Maɓallin tagulla mai zanen mikiya.
Littafi Mai Tsarki, an jera haihuwa a bangonsa
ɗa bisa uba, uba bisa kaka,
har kan Zebulon Rudd. Sama da shi fari fat,
sai ka ce daga ƙasa ya tsiro.

Wata uku ina bin rajistar sojoji, ko ƙyallinsa.
Sai wata dattijuwa a ɗakin ajiyar takardu,
tabarau na lilo a wuyanta,
ta ce, “’Yata, kafin yaƙi, wa ya mallake shi?”
Na haɗiye yawu, da ƙyar ya wuce.

A takardar gadon wani mai gonar taba na tsince shi:
Zeb, dala ɗari tara,
tsakanin alfadarai biyu da garma.
Da sunan mai gonar ya shiga soja. Zeb Haskins.

Fayil ɗin fanshonsa shafi sittin da ɗaya ne.
Na karanta shi a tsaye.
Babu tuta.
Da aka gama gwabzawa, cikin Disamba,
ƙasa ta daskare kamar ƙarfe,
aka karɓi bindigarsa aka miƙa masa shebur.
Ya binne masu shuɗin kaya, ya binne masu ruwan toka,
wanda ya zo ’yanta shi
da wanda ya mutu don kada ya ’yantu,
rami dai tsawonsa ɗaya.
Yatsun nan kuwa sanyi ne ya ci su,
likita ya ƙarasa da wuƙa.

A shafi na arba’in na ji muryar Mahala, matarsa.
Shekara bakwai tana aika wa gwamnati wasiƙa
da hannun wani, ita gicciye take dangwalawa,
wai ta tabbatar Haskins da Rudd mutum guda ne.
Suka ce ta kawo takardar aure.
Ta ce, “Tsintsiya muka tsallake a bayan rumbu,
wa ke ba bawa takarda?
Amma hannun nan mai yatsa uku
ni na wanke shi ranar da ya cika.
Rudd sunan ubansa ne, wanda aka sayar Kudu.
Ya ce in bai ɗauki sunan ba, babu mai ɗauka.”

Dala takwas a wata suka yanka mata.
Sau biyu ta karɓa.

Ban ga laifin Gwaggo ba.
Wanda ya taso ya ga ana auna kakansa da alfadari
dole ya ɗinka masa tuta.
Wataƙila ma Zebulon ɗin ne ya fara,
don wa zai gaya wa ’ya’yansa da dare
yadda fuskar yaro ɗan sha shida take
bayan kwana uku a ƙanƙara?

Na je maƙabartar sojoji ran Lahadi.
Fararen duwatsu sahu-sahu, wasu lamba kawai.
Ban san wanne ne aikinsa ba.
Na lura dai layin a miƙe yake.

Bana ni ce a kujerar Gwaggo.
Jikana Thaddeus ya ce, “Kaka, ba mu labarin tuta.”
Na goge hannu da ƙyallen.
Na ce, “Tashi ka leƙa bayan ƙofar lambu,
ka ɗauko mini abin da ka gani a jingine.”