Sikelin Doña Eduvigis

A Santiago, hawa na sha tara,
tagar ofishinmu ba ta buɗuwa.
Can na koyi rataye kwat a bayan kujera
don a zaci ina nan, ko da na tafi.
Ba mai tashi sai maigida ya tashi,
shi kuwa gidansa yake gudu.
Ran da ya ce, "Nicanor, lallaɓa lambobin nan
su yi murmushi kafin Juma'a,"
na lallaɓa.
Daren nan burodi ya ƙi wuce maƙogwarona.

Wuri na biyu samari ne masu fara'a,
ba ƙofa, ba babba, ba yaro.
Suka ce, "Nan duk dangi ne."
Ashe dangi ne masu bugo waya ƙarfe ɗayan dare,
a yi taro don shirya taro.
Ni kuwa a ba ni fensir da kusurwa,
in bi sawun kuskure a tsanake
har in kama shi a makwancinsa.
Suka ce ba ni da kuzari.
Wataƙila. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Sai Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗun juna don leƙen teku.
Ƙungiyar masunta, ɗaki ɗaya mai ƙarni.
Doña Eduvigis ba ta ko dubi takarduna ba.
Ta ɗora kifi a sikeli, ta ce,
"Wannan yana ƙara mana giram hamsin.
Me za ka rubuta?"
Na ce, "Zan rubuta a gyara sikeli."
Ta yi dariya har da tari:
"Ni na kwance shi. Uku sun zo gabanka,
duk sun ce a bar kaza cikin gashinta."

Albashi ya ragu, ba zan ɓoye ba.
Rufi na yoyo daidai kan littafin Yuni.
Biyar na asuba muke buɗewa.
Faɗa kuwa ido da ido ake yi,
ba mai kai shi gida.
Ran da jirgin Baltasar ya makara
aka rufe lissafi, duk muka tsaya a gaɓa
har fitilarsa ta ɓullo.

Ƙarfe biyu nake tashi,
kwat ɗina a jikina, yana ƙarnin kifi.
Kujerata takan kwana ba komai a kanta,
kuma ba wanda ya taɓa tambaya.