Haƙoran Matsefi

Habsu ta kawo tsohon kaset daga Birni:
ubanta, Barma baduku, yana ɗinkin jaka.
Da ya ɗaga hannu
sai yatsun su tsage kamar haƙoran matsefi,
layi ɗaya ya riga, ɗaya na biye.

A shagona na Zango
na haɗa su, zare bisa zare,
har basilla ta koma guda.

Saura matsewa.
Ƙaninta na Agadas, wayarsa ba ta ɗaukar nauyi.
Na rage wa bango, na rage wa sama,
duwatsun bayan gida suka dushe.
Tabon babban yatsansa kuwa,
na hana na'ura taɓawa.

An ɗauke wuta sau biyu.
Da hantsi Habsu ta duba, ta ce:
"Haka yake lasar zaren."