Inda Ƙarfe Ke Numfashi

A Odense rana kan yi rowa a watan Janairu,
ƙarfe huɗu ba ta yi ba ta naɗe tabarmarta.
Mu a ɗakin gwajin jami'a fitila ba ta mutuwa.

Mahaifina Troels ya shekara talatin da ɗaya yana walda
a maƙerar jiragen ruwa, har ranar da aka garƙame ƙofa.
Ni na kawo shi.
Na zura masa safar hannu mai wayoyi kamar jijiya,
na ce, Baba, yi yadda ka saba,
saƙagon nan zai koya.

Ya ƙare wa hannun kallo, gaɓa shida, fari fat.
Ya ce, a zamaninmu ɗan koyo shara yake fara yi.

Kamfani ne ya sayi hannun,
ya biya wuta, ya biya karatuna,
har injin kofin da ke tari a lungu.
Farfesa Dalgaard ta gaya mana tun farko:
mai yadi shi ke faɗin inda aljihu zai zauna.

Sati uku Baba na ja, tartsatsi na zuba,
kwamfuta na haɗiye kowane motsi.
Sai muka lura:
duk bayan taƙi guda hannunsa kan dakata,
bai kai ƙiftawar ido ba.
Malthe, injiniyan kamfani, ya ce tsufa ne, a goge.
Na goge.

Saƙago ya ja layi sumul kamar ɗinkin keke.
Aka ɗora nauyi, ya tsage.
Muka sake. Ya tsage.

Da dare a kicin na tambaye shi.
Yana shafa man shanu a baƙin burodi, bai ɗago ba.
Ya ce, nan ne ƙarfe ke numfashi.
In ba ki jira shi ba,
shi zai jira ki a tsakiyar teku.

Muka mayar.

Yanzu dakatawar tana shafi na sha tara a yarjejeniya.
Lauyoyi sun raɗa mata suna, sun ba ta lamba,
kashi kaza na jami'a, kashi kaza na kamfani.
Sunana zai fito ƙarƙashin na farfesa.
Baba ya samu hula mai tambari.

Jiya ya biyo ta bayan gilashi,
ya tsaya kallon hannun na aiki shi kaɗai.
Taƙi, dakata. Taƙi, dakata.
Cikin aljihun kwat ɗinsa
na ga yatsu na motsi.