Gwangwanin Tomillo

Shida da rabi, kafin jiragen ruwa su yi kuka a tashar Valparaíso,
Tomillo ya riga ya tsare ƙofar kicin,
jela na sharar siminti,
kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a kwance.

Shekara tara haka muke:
kofi ɗaya da safe, kofi ɗaya da yamma,
sabon ruwa a tsohuwar tasa,
ran Lahadi ɗan ƙashi, in mahauci Nibaldo ya tashi da fara'a.
Babana ne ya kafa dokar.
Shekara talatin yana tuƙa taragon nan
da igiyar ƙarfe ke ja zuwa kan tudu,
hawa da agogo, sauka da agogo,
bai san wasa da lokaci ba.
"Zauna," zai ce. Kare ya zauna.
"Jira." Yawu na ɗiga.
Sai ya ƙwanƙwasa kwano da cokali sau biyu,
sannan ya ce, "To."

Bana na lura ƙugun Tomillo ya nutse cikin kitse.
Matakai ɗari da goma sha biyu ne zuwa gidanmu,
a na arba'in yake zubewa yana haki,
harshe waje kamar tsumman shanya.
Likita Ossandón ta ɗora shi a sikeli,
ta dube ni ta saman tabarau.
Na rantse mata kofi biyu ne.
Ta ce, "Ni da ke muna iya kuskure. Sikeli fa?"

Ran Talata na ƙi zuwa aiki, na laɓe.
Shida da rabi Baba ya ba shi.
Bakwai da kwata ya fito, ya tsaya tsakar kicin
kamar wanda aka aika ya manta saƙo,
ya ga kwano wayam,
ya ce, "Wayyo ɗan'uwa, sun bar ka da yunwa."
Shi kuwa munafukin ya langaɓar da kai,
ka ce tun da aka haife shi bai taɓa ƙoshi ba.
Kafin rana ta take tsaka
sau biyar na ƙirga.

Na rubuta a bango da alli: YA CI.
Baba ya karanta, ya goge da hannun riga.
Na ɓoye buhun a saman kabad.
Ya yi ta lalube har ya zauna ƙasa dirshan,
ya kira ni da sunan mahaifiyata,
ya ce yaushe zuciyata ta bushe haka.

Daren nan ko runtsawa ban yi ba.

Yanzu kullum da asuba
nakan auna kofi biyu, ba ƙari, ba ragi,
in juye a gwangwanin madara,
in jefa ƙaramin cokali a ciki.
Baba ya ba shi sau bakwai, sau goma,
iya yadda mantuwa ta so.
Ƙwaya goma sha biyu kowane zuwa.
In gwangwani ya kusa ganin gindi
sai in yanka karas in ƙara.
Tomillo ya tsani karas.
Yakan harare ni, ya tauna.

Jiya Baba ya tambaye ni
ko ni ce mai karɓar kuɗin wuta.
Na ce ni ce, amma an biya.
Sai ga ƙarar farata a kan siminti.
Ya miƙe, ya gyara wuyan riga.
"Zauna."
"Jira."
Cokali a bakin kwano sau biyu,
ba ɗaya ba, ba uku ba.

Kilo ɗaya da rabi ya sauka.
Yanzu sai a mataki na saba'in yake hutawa,
nan ne Baba ma ƙafa ke gaza masa.
Su zauna su biyu suna kallon teku,
ni ina bayansu da ledar burodi,
ina jira a ce mini, "To."