Gangar Atinga

Larabar Toka, a Asawase,
Fada ya ce a rataye ganga.
Atinga ya koma bencin baya
da hannaye biyu marasa aiki.

Ashe haka muryoyinmu suke in ba kiɗa?
Ta Maame Serwaa na rawa kamar wutar aci-balbal,
tawa ta dushe tun Kejetia,
wajen kiran masu sayen albasa.

Halleluya ma mun naɗe ta
sai kwana arba'in sun cika.
Saura neman gafara,
a hankali, baiti bayan baiti,
toka na bin gumi zuwa gira.

Na waiga.
Yatsun Atinga na bisa gwiwarsa,
suna satar kiɗa.
Wannan ma, ya Ubangiji, ka yafe.