Barcina Yana Hanya

Tun daga Toronto nake naɗe a kujera ta talatin da bakwai,
gwiwa a ƙirji,
ƙafa ta kumbura ta ƙi takalmi.
Dare bai kai ya kawo ba aka ɗage labulen taga,
ga rana, ta inda ban ajiye ta ba.
Asuba ta ɓace mini a saman teku,
na rasa wa zan tambaya.

Yanzu ga ni a Rafindadi.
Ƙarfe biyun dare, unguwa tsit,
cikina ya ce isha'i ce, ina tuwo?
Na tsuguna a madafa ina cin ragowar dambu cikin duhu,
ɓarawo a gidan ubana.

Da hantsi 'yan sannu da zuwa suka cika zaure.
Kawu Ɗanjuma na tsakiyar labarin gonar gado
kaina ya faɗi a kafaɗarsa.

Gwaggo Tabawa ta ce ku ƙyale shi.
Jirgi jiki ya kawo, da akwati.
Barcinsa a raƙumi yake tafe,
ko Agadas bai iso ba.